Daga Takobin Gajere zuwa Kundin 1999: Shin Komawa Tsarin Zamanin Sardauna Zai Fisshe Mu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malami ne a wata makarantar sakandare a nan Daura, ina koyar da darasin gwamnati. A majalisarmu ta bayan la'asar kusan kullum musu ɗaya ake yi. Wasu na cewa kundin tsarin mulkin 1999 sojoji ne suka rubuta suka ɗora mana, shi ya sa komai ya taɓarɓare, don haka a koma tsarin firimiya na zamanin Sardauna. Wani dattijo kuma cewa ya yi duk wahalar banza ce, kafin zuwan Bature ba mu da wani kundi amma ƙasa tana tafiya. Yanzu ɗalibaina ma sun fara yi mini wannan tambaya. Don Allah ta yaya muka taso daga mulkin sarakuna har muka iso nan? Kuma komawa tsohon tsari zai gyara?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya saka da alheri, ya buɗa wa ɗaliban naka basira. Bari in fara da maganar dattijon, domin ta fi ta sauran nauyi, kuma akwai gaskiya a cikinta da ya kamata a ba shi kafin a gyara masa sauran.

Gaskiyarsa, ba mu da littafi mai sashe-sashe da lambobi. Amma kundi daban, tsarin mulki daban, kuma tsari ya girmi takarda nesa ba kusa ba. Duk inda jama'a suka zauna ƙarƙashin shugaba, dole sun san wanda ke naɗa shi, sun san wanda zai ce masa a'a ya ji, sun kuma san a hannun wa mabuɗin taska yake. Amsar waɗannan ita ce tsarin mulkinsu, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Ingila da ta koya mana rubuta kundi, har gobe ba ta da littafi guda da za ta ɗaga ta ce ga kundinta.

Ka dubi garinku. Labarin da aka gada ya ce mata ne suka yi ta mulkin Daura har zuwa kan Daurama, sai bayan abin da ya faru a rijiyar Kusugu sarauta ta koma hannun maza, aka bar wa mata sarautar Magajiya. Ko mutum ya ɗauki labarin Bayajidda a matsayin tarihi ko a matsayin hikaya, abin da yake adanawa shi ne tunawa da wani babban sauyin tsari. A nan Katsina kuma, Korau ya karɓe mulki daga hannun Sanau na gidan Durɓawa, amma bai shafe gidan da ya kayar ba, sarautar Durɓi ta zauna cikin manyan ƙasa. Kaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi su ne ginshiƙan da ke zaɓen sarki. Ɗan sarki duk jarumtarsa ba ya naɗa kansa, su kuma masu zaɓen a al'ada ba sa zama sarki. In aka miƙa wa sabon sarki Gajere, takobin sarautar Katsina, a gaban jama'a, ana gaya masa ne cewa abin nan ba shi ya ƙirƙire shi ba, kuma ba a kansa zai ƙare ba. Wannan rabon iko ne, ko da ba a kira shi da wannan suna ba.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba a taɓa rubutawa ba. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa abin da ya wajaba a kan sarakuna. Da jihadi ya zo a 1804, rabin hujjarsa a kan yadda ake mulki ne. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ya jera abubuwan da yake tuhumar sarakunan Hausa da su, har ya ambaci jangali da gaisuwar da ake kai wa masu mulki da sunayensu. Bayan Katsina ta faɗi a 1807, Ummarun Dallaje ya nemi Muhammadu Bello ya rubuta masa yadda zai riƙe jama'a, shi ne aka samu Usulus Siyasa. Ina so ka nemi wannan ɗan littafi ka karanta wa ɗalibanka. A ciki Bello ya ce shugaba kada ya zama mai kwaɗayin mulki, ya riƙa zama da malamai yana jin shawararsu, ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Ka ajiye shi kusa da babi na biyu na kundin 1999, inda aka ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, za ka ga kusan magana ɗaya ce. Ciwon su biyun ma iri ɗaya ne: an faɗi abin da ya kamata shugaba ya yi, amma talaka ba shi da ƙofar da zai bi ya tilasta shi. Sashe na 6 na kundinmu ya hana kotu sauraron ƙara a kan babi na biyu. Jangalin da Shehu ya soka kuwa ya dawo, bai bar tsohuwar jihar Kaduna ba sai da Balarabe Musa ya soke shi tare da haraji a 1979.

Sai kuma batun cewa ƙasa tana tafiya lafiya lau. Malam, Daurarku gida uku ta rabu bayan jihadi: Malam Isiyaku a birni, gidan Haɓe kuma a Zango da Ɓaure. Haɓen Katsina suka kafa Maraɗi, aka shafe shekaru masu yawa ana kai wa juna hari. Lokacin da tsari ya kasa warware wa zai yi mulki, takobi ne ya warware. Amfanin kundi na farko ke nan: a samu hanyar sauya shugaba ba tare da an binne mutane ba.

Da Gwamna Lugga ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka a 1903, bai rushe fada ba. Rawani yana nan, tambari yana nan, alƙali yana nan. Abin da ya sauya shi ne wanda ke da maganar ƙarshe. Turawa suka tuɓe Sarki Abubakar, suka tuɓe Yero, a 1906 suka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko, sarauta ta bar gidan Dallazawa ta koma gidan Sulluɓawa. A Daura kuma akasin haka suka yi, suka ɗauko Malam Musa na gidan Haɓe suka mayar da shi kan gadon kakanninsa. Sannan suka taɓa taska. A Katsina aka fara gwada baitulmalin En'e, wato hukumar sarki a ƙarƙashin Turawa, zamanin Dikko da Bature Palmer, inda haraji ke shiga asusu a rubuce, sarki da hakimai su koma karɓar albashi. Ka lura da abin da ya faru: ta fuskar Bature sarki ya yi rauni, domin Razdan na iya sa a tuɓe shi, amma ta fuskar talaka ya fi da ƙarfi, domin manyan ƙasar da a da yake shakka yanzu ma'aikatansa ne, ga 'yan doka, ga kotu, ga gidan yari duk a ƙarƙashin En'e. A cikin adakar kakana na taɓa samun rasiɗan haraji ɗaure da zare, sun yi ja saboda tsufa, kowanne da hatimin En'e. Mahaifina ya ce tsohon ba ya tafiya ko kasuwar ƙauye sai da na shekarar a aljihun taguwarsa, don in aka tare mutum babu shi, kwanan gidan yari ne. Shi a wurinsa wannan 'yar takarda ita ce gwamnati.

Kundin Turawa na farko-farko ba sai mun daɗe a kansu ba. An haɗe Kudu da Arewa a 1914. Kundin Clifford na 1922 ya kawo zaɓe, amma kujeru 4 kacal, 3 a Legas 1 a Kalaba, Arewa kuwa ba ta cikin majalisar sam, gwamna ne ke yi mata doka da alƙalaminsa. Abin da Clifford ya yi da ya fi taɓa mu a wannan shekarar shi ne buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. Kundin Richards na 1946 ne ya fara zaunar da 'yan Arewa da 'yan Kudu a majalisa ɗaya, ya tsaida jihohi uku, ya ba Arewa majalisar sarakuna da ta wakilai.

Inda nake so ka tsaya da ɗalibanka shi ne 1950 zuwa 1954, domin a nan aka haƙa harsashin da muke kai har yau. A taron Ibadan na 1950, wakilan Arewa suka ce sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya. Sarkin Zazzau Ja'afaru, da goyon bayan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya ce in ba haka ba Arewa za ta nemi a koma yadda ake kafin 1914. Aka ba su, aka yi kundin Macpherson na 1951. A wannan shekara ta 1950 kuma aka kafa NEPU, jam'iyyar 'yan Sawaba masu adawa da tsarin En'e, Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara tsarin En'e. Wato faɗa biyu ake yi lokaci guda: Arewa na neman kada Kudu ta danne ta, talakan Arewa kuma na neman kada En'e ta ci gaba da danne shi. A 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba Nijeriya mulkin kai a 1956, Sardauna ya ce a bari sai lokacin da ya dace, aka yi wa wakilan Arewa ihu a Legas, a watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano aka rasa rayuka. Daga nan Turawa da 'yan siyasa suka gane cewa waɗannan jihohi ba za su zauna a ɗaki ɗaya ba sai kowa na da ƙofarsa. Kundin Lyttleton na 1954 ya kawo tarayya. Ba wani masani ne ya zauna ya ga tarayya ta fi kyau a littafi ba. Tsoron juna ne ya haife ta.

To ga tsarin da abokan majalisarku ke begensa. A ƙarƙashin kundin 1960 da na jamhuriya na 1963, Jihar Arewa na da kundinta na kanta, da firimiya, da majalisu biyu, da wakili a Landan. Kuɗin gyaɗa da auduga na shiga hukumar ciniki ta jiha, da su aka yi ayyuka da yawa. Jihar da aka haƙo ma'adini a cikinta tana karɓar rabin kuɗin da ake biya a kansa, ba kashi 13 cikin 100 na yau ba. Minista dole ɗan majalisa ne, yana da mazaɓar da zai koma ya kalli idon mutanenta, firimiya kuma yana tsayawa a zauren majalisa ya amsa tambaya. Ba ya buƙatar yawon neman ƙuri'a a faɗin ƙasa, don haka tsarin bai kai na yanzu cin kuɗi ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma ina ganin mutanen wancan zamani da girma ƙwarai, musamman ta wajen tsare dukiyar jama'a.

Amma in za a yi bege, a yi shi da ido biyu. A wancan tsarin macen Arewa ba ta da ƙuri'a, sai a shekarun 1970 ta samu, bayan irin wahalar da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha. Ɗan NEPU yana iya kwana a gidan yarin En'e saboda ya yi lacca ba izini, kuma alƙalin da zai yanke masa hukunci ma'aikacin En'en ne. Ka tambayi tsofaffin 'yan Sawaba na Daura in da sauransu, za su ba ka labari. Sarakuna ma ba su tsira ba, domin gwamnatin jiha ce ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus a 1963. A sama kuma, Arewa ita kaɗai tana da kujeru 174 cikin 312, kowace babbar jam'iyya ta jiha ɗaya ce, saboda haka duk zaɓe da duk ƙidaya sai su zama yaƙi. Jihar Yamma ta kama da wuta tun 1962. Bayan zaɓen Disamba 1964, Shugaban Ƙasa Azikiwe ya yi kwanaki bai kira Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati ba, har aka shiga tambayar wa sojoji za su yi wa biyayya. Shekara biyar da 'yan watanni bayan 'yancin kai, ran 15 ga Janairu 1966, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Ban ce kundin ne ya kashe su ba, waɗanda suka ɗauki bindiga su ke da alhakin jininsu. Amma kundin bai iya riƙe ƙasar ba.

Yanzu ga inda masu cewa sojoji ne suka ɗora mana tsari suke da gaskiya, har fiye da yadda suka sani. Aikin soja a kan tsarin mulkinmu ba a 1999 ya fara ba. Soja bai san rabon iko ba, umarni daga sama ya sani. Ironsi ya soke tarayya da doka ta 34 a Mayu 1966, Arewa ta tashi da kiran a raba, a Yuli aka kifar da shi. Gowon ya mayar da tarayya, amma ran 27 ga Mayu 1967 ya yanka jihohin zuwa 12, Jihar Arewa da Hassan Usman Katsina ke gwamna ta zama shida, mu muka faɗa Arewa ta Tsakiya. A 'yan shekarun nan aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Sai yaƙin basasa, sai kuɗin fetur. Kuɗi ya daina tasowa daga gonar gyaɗa ya hau sama, ya koma saukowa daga Legas. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babin En'e gaba ɗaya. Jihohi suka yi ta ƙaruwa, 19 a 1976, Katsina ta samu tata ran 23 ga Satumba 1987, har aka kai 36 a 1996, kuma babu ɗaya cikinsu da farar hula suka ƙirƙira. Na yi murna ranar da aka ba mu jiha, har yau ina yi. Amma a san cewa kowace yanka tana rage wa jihohi ƙarfi a gaban tsakiya. Firimiyan Arewa ya fi ƙarfin a kira shi Legas a ba shi umarni. Gwamnan yau kuwa kowane ƙarshen wata idonsa na kan rabon Abuja, inda gwamnatin tarayya ke ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60.

Tsarin shugaba mai cikakken iko ya zo ne a matsayin magani ga cutar 1964. A Oktoba 1975 Murtala ya kafa kwamitin mutum 49 ƙarƙashin Rotimi Williams, ya kuma gaya musu a fili cewa gwamnatinsa shugaba mai cikakken iko take so. Dabarar ita ce kada a sake samun kai biyu a ƙasa ɗaya, kuma kada wani ya ci mulki da ƙuri'ar yankinsa kaɗai. Shi ya sa aka ce sai ɗan takara ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi, aka hana jam'iyyar ƙabila, aka ce kowace jiha a ba ta minista. Ɗan Katsina, Dakta Yusufu Bala Usman, shi da Segun Osoba sun ƙi sa hannu a rahoton, suka rubuta nasu, suna ganin daftarin ya tsare masu hali ya bar talaka. Daftarin ya je majalisar tsara kundi ta Mai Shari'a Udo Udoma, wadda yawancin wakilanta zaɓo su aka yi, a can aka yi zazzafar muhawara kan kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a matakin tarayya har wakilai da yawa suka fice a 1978. Bayan sun gama, gwamnatin Obasanjo ta cusa wasu dokokinta a ciki, har da dokar mallakar ƙasa da ta sa filaye a hannun gwamna. Wannan shi ne kundin 1979.

Mu mutanen tsohuwar jihar Kaduna mun ɗanɗani sabon tsarin kafin kowa. Gwamna Balarabe Musa ɗan jam'iyyar PRP ne, majalisa kuma jam'iyyar NPN ce ke da rinjaye. Suka ƙi amince masa da kwamishinoni, a Yuni 1981 suka tsige shi, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. A tsarin firimiya wannan ba za ta taso ba, domin mai rinjaye a majalisa shi ke kafa gwamnati tun farko. Amma a tsarin firimiya kuma talakawan da suka zaɓi Balarabe da hannunsu ba za su taɓa ganinsa a kujerar ba. Kowane tsari da abin da yake ba ka da abin da yake karɓewa.

Kundin 1999 kuwa, Janar Abdulsalami ya kafa kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi, ya zagaya cikin makonni kaɗan, ya dawo da cewa jama'a sun fi son na 1979 da 'yan gyare-gyare. Aka fitar da shi a matsayin dokar soja ta 24 ran 5 ga Mayu 1999, alhali tun Fabrairu an gama zaɓen shugaban ƙasa. Wato an zaɓi mutane kafin su ga littafin da za su rantse da shi. Gabatarwarsa na cewa mu al'ummar Nijeriya ne muka yi wa kanmu shi, kuma babu wanda ya tambaye mu ta ƙuri'ar raba gardama. Wannan aibi ne na gaske, ba na rage masa nauyi. Sai dai naman cikinsa na 1979 ne, wanda farar hula suka tafka muhawara a kansa. Abin da ya fi damuna a cikinsa ba wanda ya sa hannu ba ne. Abubuwa 68 aka jera waɗanda gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan. Mutumin Batsari ko Jibiya ko Faskari da aka kora daga gonarsa ya fi ni sanin ma'anar wannan: gwamnan da ya zaɓa ana kiransa shugaban tsaron jiha, amma kwamishinan 'yan sanda daga Abuja yake karɓar umarnin ƙarshe. Sarakuna kuma, da kundin 1963 ya ba majalisa sukutum, na 1979 ya bar musu majalisar ba da shawara, na 1999 bai ba su wani aiki ba. Amma in dare ya yi aka ji harbi, ƙofar mai gari ake fara bugawa.

Duk da haka kundin nan ya yi abin da babu wanda ya riga shi ya yi: ya haura shekara 25, jam'iyya mai mulki ta sha kaye a 2015 ta miƙa mulki ba a kira soja ba. Kuma yana gyaruwa. Sashe na 9 ya ce sai kashi biyu bisa uku na majalisar dattawa da ta wakilai sun yarda, sannan majalisun jihohi 24 su amince. Wannan wahalar ita ta taimaka wajen kashe tazarcen zango na uku ran 16 ga Mayu 2006, lokacin Aminu Bello Masari na kakakin majalisar wakilai. Rashin lafiyar marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma ta tona wani rami: sashe na 145 ya ce mataimaki zai riƙe ƙasa in shugaba ya aika wa majalisa takarda, bai faɗi abin da za a yi in bai aika ba. Ƙasa ta zauna fiye da wata biyu a haka, sai ran 9 ga Fabrairu 2010 majalisa ta fake da larura, ta ɗauki hirar da ya yi da BBC a matsayin sanarwa. Bayan nan aka gyara sashen aka sa wa'adin kwana 21. A 2018 aka rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. A Maris 2023 ɗan garinku, marigayi Muhammadu Buhari, ya sa hannu a gyaran da ya ba jihohi damar shiga harkar wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali. Haka tsari ke sauyawa in ba a so a zubar da jini: ƙaya ta soki ƙafa, a tsaya a cire ta.

To komawa tsarin firimiya zai gyara? Ra'ayina, shi kaɗai ba zai gyara ba. Maganar tana da masu goyon baya, har wasu 'yan majalisar wakilai sun gabatar da ƙuduri a kanta a Fabrairu 2024, kuma hujjarsu ta rage tsadar mulki hujja ce mai ƙarfi. Amma abin da ya sa Jihar Arewa ta yi aiki ba sunan kujerar Sardauna ba ne. Kuɗinta daga gumin manomanta yake fitowa, don haka dole ta damu da irin gyaɗar da suke shukawa, kuma mai biyan haraji yana ganin yana da bakin tambaya. In aka kawo firimiya yau aka bar taska a Abuja, aka bar 'yan sanda a Abuja, aka bar jam'iyya a aljihun mutum ɗaya, to 'yan majalisar da ke ɗaga hannu ga duk abin da gwamna ya aiko su ne za su zaɓi firimiyan, kuma su ne za a ce su tsare shi. Ni a ganina tambayoyin da Kaura da Galadima suka san amsarsu tun zamanin Korau su ne har yanzu a gabanmu: wa ke naɗawa da gaske, wakilan jam'iyya da aka saya ko jama'a? Wa zai ce wa gwamna a'a ya kwana lafiya? Kuɗin ƙaramar hukuma a hannun wa yake kwana?

Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi kusa da ɗalibanka, kuma da ita nake so ka fara. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Jiharmu na da 34 daga ciki. Ka sayi kundin, ba shi da tsada a shagunan littattafai, ka buɗe musu sashe na 7 da na 162 da jadawali na huɗu inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwa, tasha, mahauta, maƙabarta, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, da hannu a makarantun firamare da asibitocin sha-ka-tafi. Sannan ka raba su rukuni-rukuni, wasu su je kasuwar Daura, wasu tasha, wasu firamaren unguwarsu, su rubuto abin da suka gani da wanda aka ce musu shi ke da alhakinsa. In sun kawo, ka aiko mini, sai mu ɗora daga nan. Ka gaishe mini da dattijon majalisarku, ka ce masa ina neman ya ba yaran labarin rasiɗin haraji da bakinsa.